Koyar da Yara Kiwo da Kula da Lafiyar Dabbobi: Daga Turke Zuwa Aji a Ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa da wuya a shiga gidan da babu wata dabba a cikinsa. In ba a tarar da saniya ko jaki ba, a tarar da tunkiya ko akuya a turke, in kuwa abin ya yi ƙaranci ƙwarai, ba a rasa kaza da 'yan tsakinta suna tono a gindin rumbu. Waɗannan dabbobi su ne asusun talaka. In rashin lafiya ta taso, ko suna, ko aure, ko damina ta kama babu kuɗin taki, su ake kora zuwa kasuwa. Sai dai abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, galibin hidimarsu ta yau da kullum a hannun yara take. Yaro ke yankan ciyawa, shi ke kai su mashaya, yarinya ke ba su ƙasari da dusa, ita ke kora kaji akurki da almuru. Saboda haka yaro ne kan fara ganin akuya ta daina tuƙa, tun kafin maigida ya komo daga gona.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda yaro kan koyi kiwo a gida bisa al'ada, da yadda aikin likitan dabbobi ya shigo ƙasar nan, sa'an nan da yadda makarantar firamare za ta iya haɗa waɗannan hanyoyi biyu cikin aji. An ɗauki ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa don misali, domin wuri ne da noma da kiwo suka daɗe a cuɗe, kuma wuri ne da rashin dabba ya zama babban lamari a shekarun baya-bayan nan.

Ƙasar da dabbobinta

Ƙananan hukumomin nan uku suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa kuwa tana maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga arewacin jihar, don haka ana noman masara da dawa da auduga da wake, ga kuma dazuzzuka irin su Rugu da Kogo, waɗanda Fulani makiyaya suka daɗe suna kiwo a cikinsu da gefensu. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, kuma wannan yanki yana cikin wuraren da noma da garmar shanu ya kafu sosai, har ya zamana manomin da ya mallaki shanun huɗa biyu ana ganin ya tsaya da ƙafafunsa. Kasuwar Sheme kuwa sananniya ce wajen cinikin dabbobi da hatsi.

Shanun da aka fi gani su ne fararen nan da ake kira Bunaji, sai jefi-jefi jajaye masu dogayen ƙahoni, watau Rahaji. A tumaki akwai 'Yanƙasa, da Uda mai launi biyu, da Balami wanda ake so don turka. A awaki kuwa jar akuya ce ta fi daraja, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai tun zamanin fataucin Sahara. Noma yana ciyar da kiwo da harawa da kara da angurya, kiwo kuma yana mayar wa gona da taki. Yaron da ya tashi a nan ya san wannan cuɗanya da idonsa tun kafin wani ya yi masa bayaninta.

Makarantar gida

Bisa ga al'ada, ba a zaunar da yaro a ce yau za a koya masa kiwo. Hanyar da ake bi ita ce a mallaka masa dabba. Sau da yawa kaka ko gwaggo takan ba jariri kaza, uwa ta riƙa kula da ita da sunansa. In kaji suka yi yawa a sayar a sayi 'yar akuya, in awaki suka yaɗu a musanya da karsana. A wajen Fulani kuwa akan nuna wa jariri maraƙarsa tun ranar suna, ya girma tare da ita. Hikimar wannan al'ada ita ce, yaro ba ya ɗaukar kiwo a matsayin aikin da aka ɗora masa, dukiyarsa ce yake tsaro. In ta rame shi ake yi wa dariya, in ta haifi tagwaye shi ake yi wa barka.

Daga wajen shekara biyar ko shida yaro kan fara bin yayyensa zuwa kiwo a bayan gari. A can yake koyon ciyawar da dabba ke so da wadda ke cutar da ita. Zai ji an hana shi barin awaki su faɗa wa gyauron dawa, domin sabon tohon dawa yana iya kashe dabba cikin ɗan lokaci. Masana kimiyya sun tabbatar da haka, sun gano cewa akwai wani dafi a cikin ɗanyen tohon, musamman in ya sha fari. Zai koyi cewa ba a sakin dabba mai yunwa cikin jiƙaƙƙiyar sabuwar ciyawa da sassafe, don gudun kumburin ciki. Zai koyi cire kaska, da ba da kanwa, da tara 'ya'yan gawo da rani, da adana harawa a kan itace ko rufin ɗaki inda gara da awaki ba su kaiwa.

Ita kuwa yarinya makarantarta tsakar gida ce. Galibin awaki da tumaki da kajin da ke cikin gida na mata ne, kuma da yake matan aure da yawa suna cikin kulle, 'ya'yansu ne ƙafarsu. Yarinya ke share turke, ita ke zuba toka a akurki don korar ƙuma, ita ake aike wajen mai magani in kaza ta yi sanyi. Tana kallo in akuya na haihuwa, tana jin uwarta na cewa a tabbata ɗan ya sha dakashi, watau nonon farko mai kauri. Ilmin likita ya nuna cewa wannan dakashi shi ke ba jaririn dabba kariya daga cututtuka, kuma amfaninsa ya fi yawa a cikin yinin farko na haihuwa.

Har ila yau addini yana da nasa rabo cikin wannan tarbiyya. A makarantar allo da ta ilmi yaro kan ji cewa annabawa sun yi kiwon tumaki, ya ji labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Da Babbar Salla kuma yana ganin ana duba ragon layya, ana ƙin mai ido ɗaya, da gurgu, da marar lafiya, da wanda ya rame ƙwarai. Wannan shi ne darasinsa na farko a kan duba lafiyar dabba, ko da yake ba a kira shi da wannan suna ba.

Harshen kiwo

Abin da ya kamata masu nazarin harshe su kula da shi shi ne yawan kalmomin da Hausa ta tanada a wannan fage. Ba a tsaya ga sa da saniya ba. Akwai maraƙi, da karsana wadda ba ta taɓa haihuwa ba, da bijimi, da takarkari na ɗaukar kaya. A awaki akwai bunsuru da taure, watau wanda aka dandaƙe. A dawaki akwai ingarma da goɗiya da duƙushi, a kaji akwai zakara da sagara da ɗan tsako. Kowace kalma tana ɗauke da bayanin jinsi ko shekaru ko aikin dabbar, ta yadda kalma ɗaya kan wadatar a inda wani harshe zai buƙaci jimla.

Haka nan cututtuka suna da sunayensu. Akwai bushiya, da ciwon huhu, da sammore wanda ƙudan tsando ke kawowa, da kirci mai ɓata fata da damina, da ciwon hanta wanda dabba kan ɗauka a fadama, da harbin daji, da ciwon saifa, da bakkale mai sa ɓari. Waɗansu daga cikin sunayen nan daga Fillanci Hausa ta aro su, abin da ke nuna daɗewar zaman tare. Yaron da ya san waɗannan kalmomi yana iya gaya wa likita abin da ke damun dabbarsa a taƙaice. Wanda bai san su ba kuwa, iyakarsa ya ce ba ta da lafiya. Ga shi kuma yaran da aka raba da ƙauyukansu suka taso a cikin gari sun fara rasa su, domin kalma ba ta zama a bakin da ba ya amfani da ita.

Zuwan likitan dabbobi

Kafin zuwan Turawa, masu dabbobi suna da nasu masana. Akwai mai ɗori, da mai sakiya, da mai lalas da ƙarfe mai zafi, da masu jiƙa sassaƙen maɗaci don tsutsar ciki. Amma akwai annobar da ta fi ƙarfin kowa. Wajen 1890 bushiya ta ratso ƙasashen nan daga gabas, ta kashe mafi yawan shanu, har aka ce an riƙa kiran wannan annoba da sunan Sannu saboda yawan gaisuwar jaje. Tsoron irin wannan asara ne ya sa Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen kula da dabbobi a Zariya wajen 1914, aka mai da ɗakin bincikensa Vom kusa da Jos a 1924. Wannan wuri shi ne ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, inda ake yin allurar rigakafi iri-iri. A 1928 kuma aka buɗe gonar kiwo a Shika, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken kiwo a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Da fari makiyaya ba su saki jiki da malaman dabbobi na En'e ba, domin suna zaton duk wanda ya zo ƙidayar shanu jangali ya kawo shi. Sannu a hankali, da suka ga shanun da aka yi wa allura suna tsira, sai suka riƙa kawo su da kansu. A 1962 aka fara wani babban gangamin rigakafin bushiya na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ana huda kunnen kowace saniya da aka yi wa allura don shaida. Cutar ta lafa har aka yi sakaci, sai ga ta ta komo da ƙarfi a 1983, ta yi ɓarna mai yawa a Arewa. Aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa, bayan agana.

Shi aikin likitan dabbobi a matsayin ilmin makaranta ya samo asali ne daga Faransa, inda aka kafa makarantarsa ta farko a birnin Liyon a 1761. A Arewa kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta fara horar da likitocin dabbobi tun cikin shekarun 1960, daga baya jami'o'in Sakkwato da Maiduguri suka bi. Karatun yakan ɗauki shekara shida. Ban da likitoci akwai mataimakansu da ake horarwa a kwalejoji irin na Vom da na hanyar Mando a Kaduna, kuma su ne mutanen ƙauye suka fi gani. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Duk wannan tarihi ne da ya dace yaro ya ji, domin ya san cewa mutumin nan mai akwatin ƙanƙara da sirinji yana da aiki mai tushe, kuma shi ma yana iya zama irinsa.

Darasi cikin aji

Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa da aka fara a 1976 ya kai makaranta ƙauyuka da yawa na wannan yanki, kuma manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta sanya aikin gona cikin darussan firamare, ta kuma tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin. Sai dai sau da yawa darasin kiwo kan tsaya ga malami ya rubuta sunayen dabbobi da Turanci a allo, yara su maimaita. Yaron da ya kwana yana jinyar ɗan akuya sai ya zauna shiru, bai san cewa abin da ake magana a kai shi ne abin da ya baro a gida ba. Gyaran wannan ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Abin da yake buƙata shi ne malami ya fara daga abin da yaro ya sani, ya ɗora masa abin da bai sani ba.

A aji ɗaya da na biyu, sunaye da tatsuniya da wasa sun isa. Malami ya tambayi kowane yaro dabbar gidansu, da abin da take ci, da wanda ke ba ta ruwa. A tattara kalmomin da yara suka kawo a rubuta su a allo da Hausa, ta haka karatu da rubutu su shigo ta ƙofar da yaro ya saba da ita. A nan ne kuma ake dasa tausayi: ba a jifan kare, ba a ɗora wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa ko a doke shi a kan gyambo, ba a ɗaure tunkiya a rana babu inuwa babu ruwa, ba a ɗauko kaza a rataye ta ƙafa sama kai ƙasa tun daga gida har kasuwa.

A aji uku da na huɗu sai a koma ga lura. Ana iya aro akuya mai sanyin hali daga maƙwabta a kawo ta gindin itace, yara su kewaye ta. Malami ya nuna musu alamun lafiya: ido garau, hanci babu majina, gashi a kwance yana sheƙi, tana ci tana tuƙa, kashinta ƙwaya-ƙwaya. Ya ja fatar idon ƙasa a hankali ya nuna musu cewa jan ciki alamar isasshen jini ne, fari fat kuwa alamar tsutsa ko wata cuta ta shanye jinin. Ya buɗe bakinta su ga babu haƙoran gaba a sama, sai takwas a ƙasa, kuma manyan haƙora biyu na farko kan fito ne bayan dabba ta shekara, abin da dillalai ke dubawa a kasuwa. Ya bayyana musu cewa cikin akuya da tunkiya da saniya ɗaki huɗu ne, shi ya sa ledar da dabba ta haɗiya a juji ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa alhali tana ci. Sarkin Fawa na kowane gari yana iya ba da shaidar yawan ledar da mahauta ke cirowa. Yaron da ya ga wannan ƙullin da idonsa ba sai an sake gaya masa ya daina yar da leda a turke ba.

A aji biyar da na shida kuwa lissafi da rubutu suna da babban wuri. Kaza tana kwanci kwana 21, zabuwa wajen kwana 28, agwagwar gida wajen kwana 35. Akuya da tunkiya suna ɗaukar ciki wajen kwana 150, saniya wata tara da 'yan kwanaki, goɗiya wata goma sha ɗaya, jaka kusan shekara. Alal misali, in tunkiya ta ɗauki ciki a farkon Janairu, yaro ya lissafa ya gane cewa haihuwa za ta zo ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da harawa ta ƙare sabuwar ciyawa kuma ba ta kankama ba, don haka sai a tanadar mata abinci tun da wuri. Haka nan nisabin zakka, watau tumaki ko awaki 40, shanu 30, raƙuma 5, yana ba da misalan lissafi da iyaye za su yi murna da su. Kowane yaro yana iya buɗe shafi a littafinsa ya rubuta ranar da dabbarsu ta haihu, da ranar da aka yi mata allura, da maganin da aka ba ta. Wannan ɗan rubutu shi ne abin da likita ya fi nema in ya zo, kuma shi ne abin da ya fi rasawa.

Cututtukan da ke tsallakawa zuwa ga mutum

Babu sashen darasin nan da ya fi wannan muhimmanci, domin a nan ran yaron kansa ne ke cikin haɗari. Na farko shi ne haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili shi ne yara ke wasa da karnuka, kuma sukan ɓoye cizo ko yaƙushi don tsoron faɗa. Abin da ya kamata kowane ɗan aji ɗaya ya haddace shi ne: in kare ya cije shi ya faɗa nan take, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya ga maganin gida. In aka yi allura da wuri ana tsira, in kuwa alamun cutar suka bayyana, da wuya ƙwarai a rayu. Yana da kyau yara su ji cewa wanda Louis Pasteur ya ceta da wannan allura a 1885 yaro ne ɗan shekara tara. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara an keɓe ta don faɗakarwa a kan cutar, kuma rana ce da ta dace makaranta ta gayyaci likita.

Na biyu shi ne ciwon saifa. Bisa al'ada in dabba ta faɗi akan yi gaggawar yanka ta don kada ta yi mushe, a rage asara. Amma in dabba ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, to ba a feɗe ta, ba a taɓa jinin, ba a cin naman. A kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi, domin ƙwayar cutar tana iya zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. An sami ɓullar wannan cuta a Suleja a 2023. Na uku shi ne ɗanyen nono, wanda ke iya ɗauke da bakkale da tarin fuka, maganin abin kuwa shi ne a tafasa madara kafin a sha. Na huɗu murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006. Yaro ya sani cewa in kaji suna mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, ba a wasa da gawarsu, ba a fige su.

Ziyarar likita

In likita ko mataimakinsa ya zo makaranta, abin da ya fi amfani shi ne yara su ga kayan aikinsa su ji dalilin kowanne. Su ga ma'aunin zafi, su ji cewa zafin jikin lafiyayyar akuya wajen digiri 39 ne, na kaza kuwa ya haura 41. Su ga akwatin ƙanƙara, su gane cewa yawancin allurar rigakafi tana lalacewa in ta sha zafi, don haka kwalbar da ta yini a rana a kan tabarmar ɗan kasuwa ba abin dogara ba ce. Su ji bambancin rigakafi da magani: rigakafi lafiyayyar dabba ake yi wa kafin cuta ta zo. Annobar nan da ke share kaji da hunturu tana da rigakafin da ake ɗigawa a idon kaza, mai sauƙin kuɗi, wanda mace ko babban yaro ke iya koyon yi. Su kuma ji cewa ba a ba kaza kafso na mutane da ka, ba a fesa wa dabba maganin ƙwarin gona don kaska, kuma dabbar da aka yi wa allurar magani akwai kwanakin da za a jira kafin a sha nononta ko a ci namanta.

Ba likita kaɗai ya kamata a gayyata ba. Arɗo yana da abin faɗi a kan halin saniya wanda babu shi a littafi, haka tsohuwar da ta shekara arba'in tana kiwon kaji. Masu bincike a jami'o'i sun gwada waɗansu itatuwan da makiyaya ke amfani da su, irin su maɗaci, sun sami amfani a cikinsu, ko da yake matsalar awo tana nan. Malamin da ya raina sanin iyaye a gaban 'ya'yansu ya rufe wa darasinsa ƙofar gida. Wanda ya girmama shi kuwa, ya nuna inda ya yi daidai da inda yake da haɗari, saƙonsa zai kai har ɗakin da likita namiji ba ya shiga. Wannan ma dalili ne na ƙarfafa wa 'yan mata gwiwa su nemi wannan ilmi har jami'a.

Matsaloli

Ba za a rufe ido ga halin da wannan yanki ya shiga ba. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun raba manoma da shanun huɗarsu, sun raba makiyaya da garkensu, sun tashi ƙauyuka. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda, abin da ya sa aka rufe makarantu na wani lokaci. A 2021 Gwamnatin Jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan uku, don toshe hanyar sayar da na sata. A irin wannan hali malamin dabbobi ba ya iya shiga daji yin allura, kuma tarihin 1983 ya nuna abin da kan biyo bayan yankewar rigakafi.

Daɗin daɗawa, rikicin ya sa zargi tsakanin Bahaushe da Bafillace, mutanen da suka gaji musayar hatsi da nono da taki. An kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa a 1989 don kai makaranta ruga, amma inda ɗan manomi da ɗan makiyayi suka zauna a benci ɗaya, darasin kiwo yana da wani amfani na daban. Shi ne darasin da ɗan ruga ke zama gwani, 'yan gari su saurare shi, kuma a cikinsa ne za a bayyana wa duka biyun dalilin burtali da mashaya, da haƙƙin mai gona a kan amfaninsa.

Kammalawa

An ga cewa yaro a wannan ƙasa yana zuwa makaranta da sanin kiwo mai yawa, wanda ya samu daga turke da daji da makarantar allo, tare da kalmomin da ke ɗauke da shi. An ga kuma cewa ilmin likita ya kawo abubuwan da al'ada ba ta da su, musamman rigakafi da sanin cututtukan da ke kama mutum ta hanyar dabba. Aikin malamin firamare shi ne ya haɗa su da harshen da yaro ke ji. Kayan aikin kuwa suna kusa: akuyar maƙwabta, da alli, da littafin rubutu, da yini ɗaya na malamin dabbobi a kowane zango. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi wanke cizon kare da sabulu yana aji ɗaya, ya koyi rubuta ranar allurar akuyarsa yana aji biyar, shi ne maigidan da zai fito da dabbobinsa ranar da aka yi shelar rigakafi.